Tekun Cikin Kwami

A ɗakin gwaji, bayan ma'ajin littattafai,
nan Birnin Kebbi, inda teku bai taɓa leƙowa ba,
ni Bagudu nake kiwon teku.
Tsawonsa taku goma sha ɗaya, da ƙafata na auna.
Mai waldan da ya haɗa mana kwamin
ya tambaye ni shanu nawa za su sha a ciki.

Yashi daga Dukku aka kawo shi a amalanke,
na tankaɗe shi da rariya kamar mai shirin tuwo.
Dokta Hajo ta ce: wannan kan shi ne tudu,
wancan kan shi ne teku,
kai kuma riƙe famfo, kai ne damina.

Na buɗe.
Ruwa ya gangaro siriri, yana tafe da kayansa a ka,
da ya iso bakin teku sai ya sauke.
Ya sauke, ya sauke,
har abin da ya sauke ya tare masa hanya,
ya tsaya yana dube-dube, ya rabu biyu,
biyun suka rabu biyar,
kafin la'asar ga tafin hannu shimfiɗe a kan ruwa.
Muka ɗiga shuni don mu ga wane yatsa ke da rai.

Ran Talata muka koya wa tekun numfashi.
Wani ɗan inji ke tura ruwa, ya janye,
ya tura, ya janye,
abin da aka ce wata ke yi wa babban teku sau biyu a yini.
Ƙananan yatsu suka toshe,
manyan suka buɗe baki, suka yi zurfi,
yashin da kogi ya wahala ya tara
ana kwashe shi kaɗan-kaɗan kamar bashin mai shago.

Sai Dokta ta ce: ƙara masa milimita ɗaya duk awa.
Milimita! Kaurin farce bai fi haka ba.
Na yi dariya, na ƙara.
Ɗalibai sun kafa tsinken ashana a gefen gaɓa,
Kulu ta sa musu suna: wannan masallaci, wannan kasuwar kifi,
wannan gidan mai unguwa.
Babu igiya, babu ruri.
Ruwan dai ya matso kamar baƙon da ba ya sallama.
Awa tara, kasuwa ta tafi.
Aka ɗauke wuta, na fita tada janareta,
kafin in dawo masallacin na iyo.

A nan hannuna ya yi sanyi.
Kakata Ige, Bagungiya ce daga ƙasar Yawuri,
ta sha gaya mini tsibirin da aka yanke mata cibiya
yana ƙarƙashin tafki yanzu, da turminta, da kabarin uwarta.
Takan ce: ruwan bai zo da gudu ba, ɗan nan,
kullum safiya dai ka tarar ya ci taki guda.
Ban taɓa ganin abin da take faɗa ba
sai yau, a kwamin ƙarfe, da rula a hannuna.

Washegari muka sake zubi, muka ninka yashin kogi.
Tekun ya hau, gaɓar ta hau tare da shi,
ashana uku suka kwana a tsaye.
Dokta ta rubuta lambobinta, ta ce:
in kogi na kawo ƙasa, gaɓa na iya ja da teku;
in an tare ta a hanya, shi ke nan.

Da yamma na zare toshiya, tekun ya bi lambatu,
ya je ya shayar da zogalen mai gadi.
Na tsince ashanar ɗaya-ɗaya, na shanya a taga.
Ta gidan mai unguwa ban gan ta ba,
tana wani wuri a cikin yashin,
gobe in na tankaɗe wataƙila ta fito.